Abin da Aka Faɗa Mini a Ɗakin Likita

Warin jabel nake fara ji duk lokacin da na tuna ranar, ruwan kashe ƙwayoyin cutar da aka goge daɓen kilinik da shi tun da safe, sai ƙanshin masarar da wata mata take gasawa a bakin titi yana shigowa ta tagar da ba ta rufuwa sosai. Damina ce, an yi ruwa da asuba. Fanka tana juyawa a saman kanmu tana ƙara kamar ana kaɗa cokali a kofi. Ni da Inna muna zaune a kujeru biyu na ƙarfe, likita yana gabanmu da farar takarda da jan biro. Zan iya gaya miki launin labulen ɗakin. Zan iya gaya miki agogon bangon ya yi gaba da minti goma. Abin da ba zan iya kawo miki cikakke ba shi ne maganar da mutumin nan ya yi, kuma saboda ita nake rubuta miki wannan babi, Ummi.

Shekararki goma sha ɗaya yanzu. Bayan ƙaramar sallar bana kin dawo daga gidan kakarki a Dapoya, muna ninke wanki, kika tambaye ni ba tare da kin dube ni ba ko gaskiya ne na sa an rage mini nono don kwalliya, shi ya sa Tanti Awa ta shayar da ke. Na ce miki ki bari sai na samu zama. To ga zaman. Kin ji labarin nan iri biyu: wanda 'ya'yan goggonninki suke yi a Dapoya, da wanda ni na ba ki kina shekara bakwai, cewa likita ne ya ɓoye mini abin da aikin zai jawo. Dukansu biyun suna buƙatar gyara.

Ba kwalliya ba ce. Tun ina shekara goma sha uku ƙirjina ya fara girma, kuma bai tsaya inda na sauran 'yan mata yake tsayawa ba. Kafin in shiga lise, wato babbar sakandare, igiyar rigar mama ta riga ta yi mini rami a kafaɗu biyu, ramin da har yau in kika sa yatsa za ki ji shi. Da bazara ƙasan nonon yakan saɓule ya yi ruwa, Inna ta barbaɗa mini hoda, ta sa mini tsumma mai laushi, zuwa la'asar tsumman ya jiƙe ya manne da fata. Bayana yana ciwo kamar na tsohuwa. In na yi sujada sai na dafa ƙasa da ƙarfi kafin in iya ɗagowa. In Baba ya goya ni a moto, wato babur, a kan hanyar Zango mai ramuka, hannu ɗaya nake riƙe ƙarfen baya, ɗayan ina tallafe da kaina a ƙarƙashin hijabi. Samarin bakin titi suna da sunaye gare ni, da More, yaren Mosawa, da faransanci, ba zan rubuta miki ko ɗaya ba. Telan unguwarmu, mace ce kuma mai kirki, takan auna ni, ta sake aunawa, sannan ta ce a ƙaro yadi.

Sai na koyi zama a lungu da littafi. Ina da wani kaye, littafin rubutu mai koren bango, da nake rubuta waƙoƙi a ciki, yawancinsu a kan tsuntsaye, da iska, da duk wani abu mara nauyi. A gida ana ce mini Maimuna mai tafiya a zaune, don za a yi ta magana da ni ina cewa to, alhali na daɗe da barin wurin. Inna takan tafa hannu a gaban fuskata ta ce in dawo Zango, tuwo yana hucewa.

Ina shekara ta biyu a jami'a wata malamar asibiti, ƙawar Inna da take sayen turaren wuta a wurinta, ta ce akwai aikin da ake yi a nan Waga, ba sai an fita waje ba. Gidanmu ya yi wata uku yana juya maganar ba tare da an kira sunanta ba. Baba, wanda rabin rayuwarsa a kan hanyar Yamai ya yi ta da babbar mota, bai taɓa furta kalmar ba. "Lalurar yarinyar nan" yake cewa. Ya je ya tambayi liman ko hakan canza halittar Allah ne, liman ya ce in don ciwo ne magani ne. Ya dawo ya gaya wa Inna a yi abin da likita ya ce, ya ɗauki butarsa ya fita.

Haka muka samu kanmu a ɗakin nan mai warin jabel. Likitan mutumin yammacin ƙasar ne, dattijo siriri mai furfura a gemu, faransanci da Jula yake ji. Inna kuwa Hausa da More. Saboda haka ni ce tafinta: shi ya faɗa, ni in juya wa Inna, in ta yi tambaya in mayar masa. Na tuna ya zana da'ira biyu a takarda, ya ja layi daga tsakiya zuwa ƙasa, ya ja wani a kwance, ya ce nan tabon zai kasance, kuma a fata irin tamu tabo yakan yi tudu. Na tuna ya ce ba ɗaukar bokitin ruwa, ba hawa moto har sati shida. Na tuna ya yi maganar allurar barci, Inna ta ce innalillahi a hankali. Sannan na tambaye shi nawa za a cire. Ya duba abin da ya rubuta, ya faɗi kilo, ni kuma na juya wa Inna da abin da za ta gane, na ce kusan nauyin tiyar gero.

Daga nan na tafi. Jikina yana kan kujera, bakina yana aiki, amma ni ina bakin baraji, madatsar ruwan garin nan, ina gudu. Ban taɓa gudu ba tun ina firamare. Na ga kaina cikin riga irin ta kowa, na ga na sunkuya na ɗaura igiyar takalmi, na ga na kwanta rub da ciki ina karatu. A wajen taga akwai wata bishiyar dogon yaro da ruwa yake ɗiga daga ganyenta, wani ƙadangare yana ta gyaɗa kai a jikinta kamar shi ma ya yarda. Har baiti biyu na haɗa a zuciyata, ina ta maimaita su don kada su gudu kafin in kai gida. Da aka turo mini takarda na sa hannu a inda yatsansa ya nuna. Ya tambaya ko akwai sauran tambaya, na ce babu. A hanya Inna ta saya mana masarar nan, ta ba ni babbar, ba ta ci tata ba.

An yi aikin bayan sati biyu, Allah ya sa aka tashi lafiya. Ciwon ɗinki ciwo ne, ba zan rage miki shi ba, kuma gefe ɗaya ya buɗe kaɗan sai da aka yi wata guda ana wanke shi. Amma ranar da na fara tsayuwa a tsakar gida ba tare da na riƙe komai ba, na ji kamar an sauke mini kayan da tun yarinta nake ɗauke da su ban san na wa ba ne. Na ja numfashi ya tafi har ƙasa. Ki riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya bai soke shi ba: ban taɓa nadamar aikin kansa ba.

Shekara uku bayan haka na auri babanki. Kafin a sa rana na gaya masa an yi mini aiki, na gaya masa akwai tabo, ina magana ina kallon ƙafafuna. Ya yi dariya ya naɗe hannun riga ya nuna mini inda salansar moto ta ƙone shi, ya ce to mun yi daidai. Ban ɓoye masa komai da na sani ba. Mahaifiyarsa, Hajiya, wadda kike ɗauke da sunanta, ita ma an gaya mata. Kin san ta: 'yar fataken goro ce tun kaka da kakanni, atamfa take sayarwa, kuma tana duban mutum yadda take duban yadi, sai ta juya shi ta ga bayansa. Ta ce ba komai, lafiya ce gaba.

A gidan Inna na yi jegonki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Kwana uku na farko kowa ya ce haka yake, ruwan nono bai sauko ba tukuna. Aka dama kunun kanwa, aka yi na gyaɗa, aka yi romon kan rago. Inna tana gasa mini ƙirji da ruwan zafi safe da yamma. Wata tsohuwa ta kawo saiwa, wata ta kawo rubutu, na sha duka. Abin da yake fitowa bai wuce ɗigo ba, kamar raɓa a bakin ganye. Kina kamawa da ƙarfinki, ki ja, ki ja, ki saki ki yi kuka, sannan ki sake kamawa. Ranar suna gida ya cika, aka yi ta yaba hancinki, ni kuwa ina lura da cewa kukanki ya fara sirancewa. Aka gwada madarar gwangwani a bibiro, kwalbar shayar da jarirai, cikinki ya ƙi ta, kina sha kina amayarwa. Da muka je awo ungozomar asibiti ta dubi sikeli, ta dubi tabon ƙirjina, ta tambaye ni da faransanci ko ba a yi mini bayani ba lokacin aikin. Na ce bayanin me.

Kwananki goma sha biyu Hajiya ta zo da la'asar. Ta zauna a tabarma a tsakar gida, ta karɓe ki, ta shafa maɗigarki da babban yatsa ta ga ta faɗa. Sannan ta yi magana a hankali, da Inna take yi amma da ni take. Ta ce rashin nono ƙaddara ce, ba ta da ja a kai. Amma in an san da haka tun farko aka rufe, aka bar ɗanta ya shiga bai sani ba, wannan ha'inci ne, kuma ita ba za ta bar jikarta ta tashi a hannun da ya yi ha'inci ba. Za ta ɗauke ki zuwa Dapoya ta nema miki mai shayarwa, sauran magana kuma tsakanin maza. Sai ta juyo gare ni.

"Maimuna, tambaya ɗaya zan yi miki, ki amsa don Allah ba don ni ba. Kafin a yi miki aikin nan, an gaya miki nono zai iya ƙin zuwa, ko ba a gaya miki ba?"

"Ba a gaya mini ba, Hajiya."

"Ke da kika yi boko har jami'a. Mutum ya sa miki wuƙa bai gaya miki ba?"

"Wallahi tallahi ba a gaya mini ba. A ɗauko Alƙur'ani in dafa."

"Ke mai jego ce, ba ki da tsarkin taɓa shi. Na ji rantsuwarki." Ta dubi Inna. "Innar Maimuna, ke ma ai kina wurin."

"Ni faransanci nake ji?" in ji Inna. Ta tashi ta ce kununta zai kama.

Ina so ki san yadda na yi rantsuwar nan. Ban yi ta da rawar murya ba. Na leƙa cikin kaina na ga ɗakin gaba ɗaya, fanka, labule, jan biro, da'ira biyu, tiyar gero, ban ga maganar nono a ko'ina ba. Mutumin da ya tuna agogo ya yi gaba da minti goma, yaya za a yi ya manta an ce masa ba zai shayar da ɗansa ba? Haka na yi wa kaina hisabi, kuma haka Hajiya ta gani a fuskata. Ta miƙo mini ke. Da babanki ya zo da magariba aka gaya masa, cewa ya yi rantsuwata ta ishe shi, kada wanda ya sake tayar da zancen.

Washegari da hantsi Awa ta shigo. Ba baƙuwa ba ce a gidan: 'yar Mosawan Widi ce, musulma, tana sarin turare a wurin Inna tana kaiwa unguwarsu, kuma ta haihu wata uku kafin ni. Tun ranar suna take leƙowa, ta zauna a gindin rijiya da Isaka a bayanta, ta yi hira ta tafi. Ran nan ta same ki kina wannan siririn kuka, ta dubi Inna, ta dube ni, ta ce da Hausarta mai karkata ita nononta ya yi mata yawa, zai ishi kasuwar Widi har a kai wa Dapoya saura, in ba a taimake ta an rage ba rigarta ba ta bushewa. Inna ta aika aka tambayi babanki, ya ce bismilla. Awa ta sauke Isaka ta miƙa mini, ta karɓe ki.

Na zauna da ɗan wata a cinyata ina kallon tawa a ƙirjin wata. Da farko kin yi ta fizge kai, kin saba da jan abin da babu. Sannan kika kama. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga gare ki ba, sautin haɗiya, ƙut, ƙut, ƙut, a jere. Hannunki da yake dunƙule tun ranar da aka haife ki ya buɗe a hankali a kan fatar Awa. Na yi godiya ga Allah, kuma a daidai wannan lokacin na ji kishin da ban san ina da irinsa ba. Duka biyun gaskiya ne. Awa ba ta dube ni ba, ta yi ta ba Inna labarin wata maƙwabciyarta da akuya ta cinye wa lalle.

Ta tare a gidanmu har muka yi arba'in, mijinta yana zuwa yana tsokanarta cewa Hausawa sun saye ta da kunu. Liman ya rubuta a takarda cewa ke da Isaka 'yan'uwa ne na shayarwa, babu aure tsakaninku har abada, aka ba kowane gida kwafi don kada a girma a manta. Hajiya da ta ga kumatunki sun fito ta ce shi ke nan, jikarta ta sha nonon Mosawa, ba za ta ci tuwo ba sai benga, wato wake da shinkafarsu. Kin kuwa san ba ta yi ƙarya ba. Bayan na koma ɗakina, kullum da safe babanki yakan kai mu Widi kafin ya wuce kasuwa, har cikinki ya karɓi madara da koko. Ni kuma na ci gaba da ba ki ɗigon da nake da shi har wata biyar, don in ji ɗuminki.

Da na samu ƙarfi na koma kilinik ɗin ni kaɗai. Na shirya maganata tun daga gida, da faransanci mai kyau, irin wanda ake ba da maki a kansa. Likitan ya gane ni, ya fara murmushi, ya ga fuskata ya daina. Ya sa aka ɗauko dosiyena, wato fayil ɗin aikina. Takardar da na sa wa hannu layi huɗu ce kawai: ni wance na yarda a yi mini aiki kaza, an yi mini bayanin abin da zai iya biyo baya, na fahimta. Ba a jera komai ba. Na ce masa ya gani, babu inda aka rubuta. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Madam, na gaya miki. Duk macen da ba ta haihu ba ina gaya mata, shi nake fara faɗa kuma shi nake rufewa da shi."

"Da ka faɗa, da na ji," na ce cikin haushi.

"Wanda ya zauna a kujerar nan yakan ji abin da ya zo ji. Ba ke kaɗai ba ce. Laifina shi ne ban sa kin maimaita mini ba."

Ya tambayi lafiyarki, ya tambaya wa yake shayar da ke. Na tashi na fita ban yi masa sallama ba. Daga ranar duk wadda ta tambaye ni a Zango, a gidan biki ko a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, nakan ce hannunsa yana da kyau amma ba ya faɗin gaskiya. Na faɗa sau da yawa har maganar ta yi santsi a bakina. Na san aƙalla uwa ɗaya da ta fasa kai 'yarta saboda ni, yarinyar tana nan har yanzu tana tafiya a sunkuye. Inna ba ta taɓa taya ni zaginsa ba. In na fara, sai ta ce in bar bawan Allah, yarinya dai ta rayu. Na ɗauka haƙurinta ne na kullum.

Inna ta rasu shekara biyu da suka wuce, kin tuna, ke kika riƙa kai wa masu gaisuwa ruwa. Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse da azahar, ni da Awa muka zauna wanke manyan tukwane a gindin rijiya. Hira ta kai mu ga jegonki. Na ce mata har gobe ina mamakin yadda Allah ya jefo ta gidan nan a daidai ranar da ake buƙatarta. Ta tsaya da soso a hannu, ta dube ni, ta yi 'yar dariya.

"Allah ne, Maimuna. Amma innarki ya aiko."

Ta ce lokacin da nake da cikinki wata bakwai, ita kuma ba ta daɗe da haihuwar Isaka ba, Inna ta je har Widi da ƙafa, da turmin atamfa da sabulu. Ta ce mata 'yarta za ta haihu, kuma mai yiwuwa nono ba zai zo ba, don likitan da ya yi mata aiki ya faɗa. Ta roƙe ta kada ta yi tafiyar ƙauye da ta shirya, ta riƙa leƙowa bayan haihuwa, in an ga hali za ta yi mata alama. Na ce wa Awa ba zai yiwu ba, Inna ba ta jin faransanci, a ina za ta ji? Awa ta ce ita ma ta yi mata wannan tambayar, ga kuma abin da Inna ta amsa:

"Maimuna da bakinta ta juya mini maganar likita da Hausa. Ya ce za a yanke wasu hanyoyin ruwan nono, wata tana samu, wata kaɗan, wata babu. Na sa ta sake tambayarsa, ta sake juya mini. Na ce, Maimuna, kin yarda da wannan? Tana kallon taga ta ce, Inna, na yarda."

Na bar tukunyar na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin gadonta. Na sake buɗe ranar nan a cikin kaina, na bi ta lungu lungu. Fanka tana nan, ƙadangare yana nan, baitin nan biyu ma suna nan, zan iya rera miki su yanzu. Maganar ba ta nan. Har yau da nake rubutun nan ba ta dawo ba. Na yarda an faɗa ne don Inna ba ta ƙarya, Awa kuma ba ta da abin da za ta samu, ba don na tuna ba.

Na tambayi malam hukuncin rantsuwata, ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya gaskata babu kaffara a kansa. Wannan ya sauƙaƙa mini wajen Allah, bai sauƙaƙa mini wajen mutane ba. Na gaya wa babanki, ya ce da ya sani tun farko ma da ya aure ni, sai dai ya so a ce ya sani. Na je Dapoya na durƙusa na gaya wa Hajiya. Ta gama jin duka tana murza carbi, ta ce tsufa ya hana ta fushi mai tsawo, in tashi in dama mata fura. Likitan ya bar aiki ya koma garinsu, na rubuta masa wasiƙa ta hannun kilinik, ban san ko ta kai ba. Uwar nan da ta fasa kai 'yarta ma na je na same ta na warware abin da na faɗa. Saura ke.

Na ga jikinki ya fara sauyawa, na ga yadda kike jan hijabi gaba. Wataƙila ki biyo ni, wataƙila ki biyo dangin babanki. In har ta kai mu ga ɗakin likita, za mu je sau biyu kafin ki sa hannu a komai, za ki rubuta abin da aka faɗa da hannunki, ki karanta masa ya ji, kuma za mu tafi da Tanti Awa, don ni da ke duka masu kallon taga ne.

Kafin mu gama wanke-wanken ranar na koma wurin Awa na yi mata tambayar da ta fi ci mini rai. Na ce shekara huɗu tsakanin aikin da haihuwa, me ya hana Inna ta tuna mini ko sau ɗaya, in gaya wa babanki kafin aure? Awa ta ɗauraye hannunta ta goge a zane. Ta ce Inna ta ɗauka ina sane. Duk shekarun nan tana ganin shiruna ta zaci kunya ce da baƙin ciki, irin abin da uwa ba ta tonawa 'yarta, ta kuma ɗauka na gaya wa mijina tsakanina da shi. Sai ranar da na nemi a ɗauko Alƙur'ani a gaban Hajiya, ta dubi fuskata, sannan ta gane babu komai a wurin, ban tuna an faɗa ba. A lokacin kuwa kalma ɗaya daga bakinta za ta sa a fita da ke daga gidan.